Wane Aradu ka zana, kuma na wace shekara?

Tun da wannan fili ya taɓo maganar masu zana jiragen ruwan yaƙi a kwamfuta don sha'awa, wasiƙu suke ta shigowa, wasu har da zanen da mai wasiƙar ya yi. Na taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili, amma ban canza ma'anar ko ɗaya ba.

Daga wani ɗalibi a Zariya: Malam, barka da aiki. Na zana jirginmu NNS Aradu, na aika wa wasu masu tattara irin wannan zane a ƙasar waje, sai suka dawo mini da shi. Wai tsawonsa ya zarce, makaman da ke kansa kuma ba nasa ba ne. Ni dai zanen jirgin Ajantina mai suna Almirante Brown na samu na ɗora aikina a kai, tunda kamfani ɗaya ne ya ƙera su, samfurinsu kuma ɗaya. Abokaina duk sun ce ya yi kyau. Anya ba raini ba ne kawai don sun ga daga Afirka aikin ya fito?

Amsa: Ƙanena, na buɗe zanen naka, na ƙara masa girma har ɗigo-ɗigon suka fito fili, na zauna na ƙirga. Hannunka yana da tsabta, inuwar da ka sa a ƙarƙashin ɗakin tuƙi ma ta burge ni. Amma mutanen nan ba su raina ka ba. Abin da suka faɗa gaskiya ne, kuma ko Bajamushe ɗan Hamburg ne ya aika musu da wannan zane, haka za su mayar masa.

Mu fara da tsawo. Da yawa daga masu wannan aiki ma'auni guda suke bi, wanda ma'ajiyar zane ta Shipbucket ta yaɗa: fiksel biyu, wato ƙananan ɗigon nan da hoto yake haɗuwa da su a kan allo, su ne ƙafa ɗaya a jikin jirgi. Ɗigo ɗaya ke nan inci shida, santimita 15 da 'yan kai. Ana nuna jirgin a gicciye, daga ɓangarensa na dama, goshinsa yana kallon hannun dama. An yi haka ne don a iya ɗauko zanen wani mutum a Poland da na wani a Zariya a jera su, mai kallo ya ga wane jirgi ya fi wane girma ba tare da ya tambayi kowa ba. Da zarar mutum ɗaya ya kauce wa ma'aunin, jerin ya lalace. Tsawon Aradu mita 125.6 ne, wato ƙafa 412, don haka ɗigo 824 ya kamata ya ci daga goshi zuwa ƙarshen baya. Naka ya ci 850. Ɗigo 26 ɗin da ka ƙara ƙafa 13 ne, kusan mita huɗu, kuma mita huɗu a jikin jirgi ɗaki guda ne sukutum. Ina jin ka ja hoton ne ta gefe ɗaya lokacin da kake daidaita girmansa, domin zoben ceton da ke rataye a bangon ɗakin tuƙi ya daina zama da'ira, ya miƙe. Duk abin da ka san zagayayye ne a jikin jirgi, riƙa duba shi. Shi ne yake fara tona asirin hoton da aka ja.

Sai maganar makamai, wadda ta fi nauyi. Gaskiya ne kamfanin Blohm + Voss na Hamburg ne ya ƙera Aradu, shi ne kuma ya ƙera jiragen Ajantina huɗu: Almirante Brown, La Argentina, Heroína da Sarandí. Dukkansu samfurin MEKO 360 ne, Aradu ma shi ne jirgin farko da aka gina da wannan tsari a duniya. To amma kama da wane ba ta wane. Dabarar MEKO gaba ɗayanta ita ce a gina gangar jirgi da gurabe masu awo ɗaya, sannan a kawo igwa ko rada ko makami mai linzami a cikin akwatinsa a zura a gurbin, kowace ƙasa ta zaɓi abin da take so. Saboda haka gangar za ta yi kama, abin da ke sama kuwa sai ka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Najeriya ta zaɓi makamai masu linzami na Otomat guda takwas don harbin jiragen ruwa. Ajantina ta zaɓi Exocet MM40, su ma takwas. Akwatin Otomat ƙato ne mai kauri, bututun MM40 ya fi shi siranta, kuma a zanenka siraran nan na Ajantina ne suke zaune. Babbar radar da aka ɗora wa Aradu tun farko ta kamfanin Plessey ce ta Ingila, AWS-5, ta jiragen Ajantina kuwa DA-08 ce ta Holand, siffarsu daban. Ka bar ta Holand a kan jirginmu. Jirgi mai saukar ungulu da aka sayo wa Aradu Lynx ne, ba irin wanda ka gada daga wancan zane ba.

Akwai wani bambanci da ba ya fitowa a ido kai tsaye. An ƙera Aradu da injin tabain na Rolls-Royce Olympus guda biyu don gudu, da injin dizal na MTU guda biyu don tafiyar yau da kullum. Na Ajantina tabain ne duka huɗun, Olympus da Tyne. Inji ba ya fitowa a zanen gefe, amma hanyar shan iskarsa da ta fitar da hayaƙinsa suna fitowa, don haka kada ka ɗauka tagogin iskar da ke gefen bututun hayaƙi ɗaya ne sai ka gwada da hoton Aradu kansa. Abin da za ka iya riƙewa daga wancan zane shi ne igwar gaba ta OTO Melara mai milimita 127, da akwatin Aspide mai baki takwas na kakkaɓo jiragen sama, da tagwayen bindigogi masu milimita 40 guda huɗu, domin waɗannan duka ɓangarorin biyu sun saya. Su ma ka auna mazauninsu.

Sannan ka rubuta shekara a ƙarƙashin zanen. An aza harsashin Aradu a 1978, aka tura shi ruwa a watan Janairun 1980, ya shiga aiki a watan Fabrairun 1982. A watan Yunin 2005 ya je Ingila bikin cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar, inda jiragen ƙasashe da dama suka jeru a ruwan Portsmouth, masu ɗaukar hoto kuma suka ɗauke su daga kowane gefe. Shekara 23 ke tsakanin shigarsa aiki da wannan biki. Babu jirgin da yake shekara 23 ba a ƙara masa eriya ba, ba a sauya masa kwale-kwale ko fenti ba. Ka zaɓi ɗaya, ka tara hotunan wannan lokacin kaɗai, ka zana shi.

Na san za ka ce wa zai lura. Ni abin da ya sa na damu shi ne jiragenmu ba su da masu zana su da yawa. Jirgin Amurka ko na Ingila idan mutum ɗaya ya yi kuskure a kansa, akwai zane goma da za su gyara shi. Aradu, Dorina, Damisa, Kada, wataƙila zanenka ne kaɗai wani yaro mai aikin makaranta ko wani ɗan jarida zai samu idan ya bincika. Idan ka ɗora wa Aradu Exocet, haka za a yi ta kwafarsa har ya zama kamar gaskiya. Ka gyara ka sake aikawa.

Daga wata malamar makaranta a Maraɗi: Ni hoto nake ɗorawa a ƙasa ina bin layinsa. Na gwada da NNS Thunder, amma kullum gaban jirgin sai ya fito ƙato, bayansa kuma ya tsuke. Mene ne laifina?

Amsa: Malama, hannunki ba shi da laifi, hoton ne. Kyamara daga wuri ɗaya take kallo, abin da ke kusa da ita ya yi girma, na nesa ya ƙanƙance. Yawancin hotunan jiragen yaƙi kuma daga kusurwar gaba ake ɗaukar su, domin nan jirgin ya fi kwarjini. Zanen da muke yi ba haka yake kallo ba: kamar kina tsaye daidai gaban kowane sashe na jirgin a lokaci guda ne, babu kusa babu nesa. Ko hoton da aka ɗauka daga gefe sak, idan mai kyamarar yana kusa, turken rada zai karkata, goshi da baya su lanƙwashe. Shi ya sa tsarin aikin shi ne: tsawo da mazaunin kowane abu daga taswirar gini ake ɗauko su, hoto kuma shi yake gaya miki me ke wurin a shekarar da kika zaɓa.

A kan Thunder kin yi sa'a. Kafin a miƙa shi ga Najeriya a 2011, sunansa Chase, jirgin rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka ne, ɗaya daga jiragen rukunin Hamilton goma sha biyu da aka gina a New Orleans, ya shiga aiki a 1968. NNS Okpabana, wanda aka miƙa wa Najeriya a 2014, shi ma ɗan gidan ne, da sunansa Gallatin. Jiragen wannan rukuni an zana su, an buga awonsu a littattafai, hotunansu na shekara arba'in suna nan birjik. Tsawonsu ƙafa 378, wato ɗigo 756 a ma'auninmu. Ki fara da jan layi mai wannan tsawo, ki sa alamar inda igwa take, inda ɗakin tuƙi ya fara da inda ya ƙare, inda bututun hayaƙi suke, inda filin saukar jirgin sama ya fara. Sai kin gama wannan ƙashi sannan ki buɗe hoto.

Nan ne kuma ake zamewa. Taswirar da kika samu tana iya zama ta shekarun farko, lokacin da jirgin yake ɗauke da tsohuwar igwa mai inci biyar. An cire ta a babban gyaran da aka yi wa rukunin a ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990, aka sa OTO Melara mai milimita 76, wadda ita ce Thunder ya zo da ita. Idan kuma hoton shekarunsa na ƙarshe a Amurka ne, za ki ga Phalanx a can baya, bindigar nan mai dogon farin murfi kamar hula. Amurkawa sun cire abinsu kafin su miƙa jirgin. Farin fenti da jan zanen nan na gicciye a goshi su ma na Chase ne. Thunder toka-toka ne, lambarsa F90. Kin ga jirgi ɗaya ya ba ki zane uku, kowanne daidai ne muddin kin rubuta sunan da shekarar da suka dace da shi.

Idan wani abu ya fito a hoto amma babu shi a taswira, ki auna shi da maƙwabcinsa wanda kika san girmansa. Ƙofa, ganga mai ɗauke da kwale-kwalen ceto, ko matuƙin jirgi da ke tsaye a daidai wurin: mutum mai matsakaicin tsayi ɗigo 11 ne ko 12. Amma sai abin da ke nisa ɗaya da kyamara.

Wani abu kuma, ga duk mai karanta wannan: kada sha'awar zane ta kai mutum bakin sansanin sojin ruwa a Apapa ko Onne ko Kalaba da waya a hannu yana ɗaukar hoto. Wurin soja ne, doka ta hana, kuma babu sojan da zai saurari bayanin fiksel. Hotunan da rundunar ta fitar da kanta, da na bukukuwa da atisayen haɗin gwiwa da aka buga, sun isa aiki.

Daga wani ɗan kasuwa a Zangon Kumasi: Ina son zana Yamato na Japan da Bismarck na Jamus. Na ga zane-zane da yawa nasu kuma ba su yi daidai da juna ba. Wanne zan bi? Idan babu hujja kwata-kwata a kan wani sashe fa?

Amsa: Alhaji, saɓanin da ka gani iri biyu ne, kuma maganinsu daban.

Na farko ba saɓani ba ne ma, bambancin rana ne. Yamato da ya shiga aiki a watan Disambar 1941 yana da gidajen igwa huɗu masu milimita 155, kowanne baki uku: ɗaya gaba, ɗaya baya, biyu a gefe da gefe. A farkon 1944 aka cire na gefen biyu, aka cika wurin da bindigogin kakkaɓo jiragen sama, aka yi ta ƙara su har zuwa ranar 7 ga Afrilun 1945 da jiragen saman Amurka suka nutsar da shi. Wanda ya zana tsakiyarsa fayau da wanda ya zana ta cunkushe da bindigogi duk suna iya yin daidai. Wanda ya yi kuskure shi ne wanda ya haɗa gidajen igwar 1941 da bindigogin 1945 a jirgi ɗaya, domin babu ranar da Yamato ya taɓa zama haka.

Na Bismarck ma ya fi wannan tsanani, kwanaki ne kawai. Ya bar tashar Gotenhafen a tekun Baltik da manyan ratsin fenti baƙi da fari a jikinsa. Ranar 21 ga Mayun 1941, yana fake a wani lungun ruwa kusa da Bergen a Norway, aka shafe ratsin da fenti mai ruwan toka. Ranar 24 ya nutsar da Hood na Ingila, ranar 27 aka nutsar da shi. Don haka duk zanen da ya nuna Bismarck da ratsinsa a jiki aka kuma rubuta "yaƙinsa da Hood" a ƙasa, mai shi bai duba kwanan wata ba. Ka kuma kiyayi hotunan ƙaninsa Tirpitz, wanda ya rayu har Nuwambar 1944 aka yi ta ƙara masa kaya. An sa wa Tirpitz bututun harba tofido, wato makamin da ke tafiya a ƙarƙashin ruwa, huɗu a kowane gefe. Bismarck bai taɓa ɗaukar su ba.

Saɓani na biyu shi ne na rashin hujja, kuma Yamato ne babban misalinsa. An gina shi a asirce a Kure, kuma da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ƙarshe a 1945 Japanawa sun ƙona yawancin takardunsa da hotunansa. Abin da ake da shi ragowar taswira ne, da 'yan hotuna, da bayanan waɗanda suka yi aiki a cikinsa, da abin da masu bincike suka gani a gawarsa a ƙarƙashin teku. Da tawagar attajirin Amurka Paul Allen ta gano gawar ɗan'uwansa Musashi a tekun Sibuyan na Filifin a watan Maris na 2015, masu zane sun samu abin da za su gwada aikinsu da shi. A irin wannan hali ba a hana ka zana ba. Ka bi majiyar da ta fi kusa da jirgin: taswirar masana'anta ta fi littafi, hoto mai kwanan wata ya fi hoto marar shi, littafin da ya faɗi inda ya samo ya fi wanda bai faɗa ba, zanen wani mai sha'awa irinka kuma shi ne na ƙarshe a layi. Inda duk suka yi shiru, ka zana abin da ya fi dacewa da yadda Japanawa suke yi a sauran jiragensu na lokacin, sannan ka rubuta a fili cewa wannan sashe hasashe ne. Masu tantance zane ba sa ƙin hasashen da aka bayyana. Wanda aka ɓoye ne yake ɓata sunan mutum.

Ka tanadi babban fili: Yamato mita 263 ne, ɗigo 1726.

Daga wani matashi a Gombe: An ce zanena "ya yi hazo". Ban gane ba.

Amsa: Ƙara girman zanen sosai ka dubi layin gefen jirgin. Ya kamata ka ga baƙin ɗigo, kusa da shi kuma launin jirgi, babu komai a tsakani. A naka akwai ɗigo masu toka-toka iri-iri da suka kewaye kowane layi. Abu biyu ke kawo wannan. Ko dai alƙalamin manhajar da kake amfani da ita yana sassauta gefen layi da kansa, sai ka kashe wannan ko ka koma alƙalamin da ake kira fensir. Ko kuma ka adana aikin a JPEG, wanda yake matse hoto ya watsa launi. A PNG ake adanawa. Turawa ta WhatsApp a matsayin hoto ma tana lalata shi, sai ka tura a matsayin fayil. Paint da ke zuwa da Windows ya isa wannan aiki, GIMP da Paint.NET kuma kyauta ne. Ka taƙaita launukanka: toka ɗaya ta jiki, ɗaya mai haske, ɗaya ko biyu na inuwa, hasken kuma ya fito daga gefe guda a duk faɗin jirgin.

Daga wani mai sha'awa a Kaduna: Ni jirgin da babu shi nake zanawa, wanda na ƙirƙira wa sojin ruwan Najeriya. Sai aka ce mini "ba zai yi iyo ba". Tunda na kaina ne, ina ruwan wani?

Amsa: Ɗan'uwa, zanen jirgin da ba a taɓa ginawa ba sashe ne mai zaman kansa a wannan sha'awa, kuma ina ganin darajarsa, domin a nan ake gane wanda ya fahimci jirgi. Wanda ya kwafi Aradu ya gaji lissafin injiniyoyin Hamburg. Kai kuwa lissafin a wuyanka yake.

Na duba naka. Tsawonsa mita 60, ka ɗora masa igwa biyu masu milimita 127, makamai masu linzami 16, turken rada mai tsayin bene biyar, da ɗakin ajiye jirgi mai saukar ungulu. Ƙarƙashin ruwa kuwa ɗigo goma sha biyu kacal ka bari, ƙasa da mita biyu. Ka tuna igwa ba a kan bene kawai take zaune ba: a ƙarƙashinta akwai injin ɗago harsashi da rumbun ajiyarsa, suna cin bene biyu ko fiye. A zanenka, ƙarƙashin igwar baya daidai nan ne sandar farfela take wucewa. Ina harsashin zai zauna? Ina tankin mai, ina makwancin mutane?

An taɓa yin irin naka da ƙarfe na gaske. Yarjejeniyar Landan ta 1930 kan taƙaita jiragen ruwan yaƙi ba ta ƙayyade yawan jiragen da ba su kai tan 600 ba, sai Japan ta gina ƙananan jirage na rukunin Chidori ta loda musu igwa uku masu milimita 127 da bututun tofido huɗu. Nauyi ya taru a sama. A watan Maris na 1934, ɗaya daga cikinsu, Tomozuru, yana atisaye cikin hadari kusa da Sasebo sai ya kife, mutum kusan 100 suka mutu. Bayan nan sai da Japan ta sake duba jiragenta da dama, su kuma na wannan rukuni aka rage musu makamai aka ƙara musu nauyi a ƙasa. Masu cewa naka ba zai yi iyo ba irin wannan suke hangowa.

Hanya mafi sauƙi: ɗauko jirgi na gaske mai girman wanda kake so ka jera shi da naka. NNS Centenary da NNS Unity, waɗanda aka gina a Sin, mita 95 ne, kuma babbar igwarsu ɗaya ce mai milimita 76. Idan naka mai mita 60 ya ninka su kaya, to ko ka tsawaita jirgin ko ka sauke kayan. Ka kuma zana ƙarƙashin ruwan da gaske, jan fentinsa, baƙin layin da ke raba shi da sama, farfela da allon juya jirgi. Masu koyo da yawa suna ja masa layi ɗaya su wuce, alhali nan ne mai ido yake fara dubawa.

Daga wata ɗaliba a Sakkwato: Ya halatta in ɗauki igwa ko rada da wani ya zana in sa a jirgina? Hotunan da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suke fitarwa fa, zan iya dogara da su?

Amsa: 'Yata, na farko ya halatta, al'adar masu aikin ce ma. Igwar OTO Melara mai milimita 76 iri ɗaya ce a kan Thunder da kan jiragen ƙasashe da dama, don haka ana tara irin waɗannan sassa a ma'auni ɗaya kowa ya ɗauka, kuma hakan yana sa zane-zane su dace da juna. Sharaɗi biyu ne. Ki tabbata samfurin da kika ɗauka shi ne na jirginki, domin igwa ɗaya tana iya samun rufi mai zagaye a wani jirgi, mai kusurwa a wani. Sannan idan kin ɗora aikinki a kan gangar jirgi ko wani babban sashe da wani ya zana, sunansa yana zama a kan zanen, naki ya biyo baya. Goge sunan mai aiki a sa na kai sata ce, ko da an canza fenti, kuma a wuraren da ake tara zane babu laifin da yake sa a rufe wa mutum ƙofa da sauri kamar wannan.

Na biyu kuwa a'a. Waɗannan manhajoji siffar "jirgin yaƙi" suke haɗawa daga dubban hotuna, ba su san wani jirgi guda a wata rana guda ba. Za ki nemi Aradu su ba ki jirgi mai kyan gani da igwa uku a gaba, da lambar da ba ta karantuwa, da eriyar da ta tsiro daga cikin bututun hayaƙi. Irin waɗannan hotuna sun fara cakuɗa da na gaske idan ana bincike a intanet, don haka kafin ki auna komai daga hoto, ki nemi wanda ya ɗauke shi, da wurin, da shekarar. Idan babu ko ɗaya daga cikin ukun, ki ajiye shi gefe ki nemi wani.